Wushiryar da Na Kai Zazzau

Tun da na dawo daga Zazzau ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wadda ta zo aron turmi sai ta tambaya, wadda ta zo ɗiban wuta sai ta tambaya, har da waɗanda rabonsu da gidana tun sunan jikata. Kande, yaya birnin yake? Kande, da gaske an huda miki haƙori an cusa ƙarfe? Kande, gumbar me kika daka ranar da kika sauka, alhali ba a yi mutuwa a unguwa ba? Na gaji da faɗa gutsi-gutsi. Na sa Malam Isa maƙwabcina ya ɗauko tawada, in faɗa ya rubuta, kuma na ja masa kunne kada ya gyara mini magana. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Kun san ni a Tsiga da ɗaure fuska. Yara na hango ni su sake hanya. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne ina da wushirya, don waɗanda suka taɓa ganinta sun kusa ƙarewa. Mai gidana bafatake ne, yana bin ayarin goro zuwa Gwanja. Ranar tafiyarsa ta ƙarshe yana ɗaura wa jaki kaya, ni ina riƙe masa da igiya, na ce in ya daɗe zai dawo ya tarar na tsufa, ya wuce ni a hanya bai sani ba. Ya ce, "Ke dai ki yi mini dariya. Ko kin koma busasshiyar kuɓewa, da 'yar ƙofar nan zan gane ki."

Bai dawo ba. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. 'Yar da nake goye da ita a ranar, yanzu ita ke aurar da 'ya'ya. Alƙali ya ce in ina so in yi aure, dangi suka matsa, na ƙi. Gashi ya yi fari, fata ta saki. Abin da ya rage na matar da ya bari, haƙoran gaban nan biyu ne da 'yar tazarar da ke tsakaninsu. Sai na rufe baki a kansu kamar yadda ake rufe rumbu.

Da damina ta kusa ƙarewa ragon da nake kiwo ya tunkuye ni a baki ina zuba masa dusa. Ɗaya daga cikin biyun ya ɗan tsage, ban kula ba. Da aka kwana biyu ya fara zogi, leɓe ya kumbura, kumburin ya hau har gindin hanci. Sarkin Aska ya zo da awartakinsa, ya duba.

"Iya, wannan sai cirewa. Kafin ki ce wash ya fita."

"In ka cire ɗaya, me zai rage?"

"Giɓi mana, irin na kowace tsohuwa."

"Mai da ƙarfenka cikin zabira."

Ya ce in kumburin ya kai ido, ba haƙori kaɗai zan rasa ba. Na ce na ji.

Tabawa taubashiyata, mai sayar da daddawa, ita kaɗai ta san dalili. Ta saba kai kaya Zazzau, ita ta ce akwai wani Banufe maƙerin azurfa a can, wanda ke kashe ciwon ya bar haƙori a tsaye. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Har yanzu jiran mutumin nan kike, tsohuwar banza. To tashi. In ba ki mutu a hanya ba, na kai ki." Na ɗaure mazarina da 'yar auduga shiɓaɓɓiya cikin ƙunshi, don hannuna bai iya zama haka nan, na naɗe baki da gefen zane, muka bi wasu 'yan koli saboda tsoron mahara.

Hanyar, ba zan yi muku ƙarya ba, rabinta a farke na yi ta, rabi a wani wuri dabam. Zazzaɓi ne a jikina. Dawa ta yi tsayi ta rufe hanya hagu da dama, kawunanta na sunkuyawa kamar masu gaisuwa, har na kama kaina ina amsawa. Kuma tun daga bayan Bakori na fara ganin wani mutum a gabanmu, can nesa, yana kora jaki. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da mun kusa, sai hanya ta karya, ya shige. Na tambayi Tabawa ko ta gan shi.

"Jaki ɗaya nake gani," in ji ta, "ga ta nan tana bina da kumburarren baki."

Ban sake tambaya ba. Amma shi ya ja ni. Duk sa'ad da ƙafa ta ce a zauna, sai in ce bari dai mu kai inda ya karya.

Gaba da Danja hadari ya tare mu da la'asar, muka fake a wani gidan Maguzawa. Ku da ba ku taɓa shiga ba, gidansu ba zaure ba shamaki, kowa na ganin kowa, mata na dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa suna yi wa mazansu tsawa. Na ƙyamaci tulunan giyar da ke jere a gindin rumbu, amma tuwon da suka ba mu ya fi namu laushi, gaskiya ɗaya ce. Uwar gidan, sunanta Kyauta, ta ga ina jiƙa loma a miya har ta narke kafin in kai baki, ta ce tsutsa ce ke cin haƙorin, ita kuwa ta san maganinta. Ta gasa katangar fasasshiyar tukunya a wuta, ta zuba 'ya'yan gauta a kai, ta kifa ƙoƙo mai huji, ta ce in buɗe baki hayaƙin ya shiga. Ƙwaryar ruwa na ƙarƙashin haɓata. Can sai ga wasu fararen abubuwa ƙanana suna yawo a ruwan.

"Ga su nan! Kin ga 'yan banza?"

Na duba da kyau. Ni da na shekara ina shuka gauta a bayan ɗaki, na san cikin ƙwayarta in zafi ya fasa ta. Amma matar ba cuta take ba, ta yarda da abinta, har hawaye hayaƙin ya sa ta. Na yi mata godiya. Da safe ciwon na nan inda yake.

Iyakar ƙasarmu da ta Zazzau wani rafi ne, ya cika ya batse. A bakinsa akwai masu karɓar fito da wani dogon mutum mai mashi yana bincikar kaya. Ya zura hannu cikin daddawar Tabawa ya ɗebi rabonsa, tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Sai ya juyo kaina.

"Iya, me kika ƙunsa a baki?"

Na ƙara danne zanen da hannu.

"Mun san irinku. Murjani ne ko azurfa? Kwance zanen."

"Ɗan nan," in ji Tabawa, "dukiya ce ta ajiye tun kafin a haife ka. Matso ka sansana."

Ya matso, na ɗan sassauta zanen. Warin mugunya ya buge shi, ya yi baya har ya taka cikin ruwa. Bai ƙara tambayar komai ba. Aka ɗora mu a kan manyan goruna, mai fito na iyo yana turawa. Ina tsakiyar ruwa, sama a ƙasa, ƙasa a sama, gajimare na wucewa ta ƙarƙashin ƙafata, na ji ciwon ya yi nisa kamar a bakin wata mata yake. A ɗaya gaɓar, mai jakin nan ya riga ya haye.

Birnin Zazzau kuwa, ganuwarsa ta haɗiye gonaki da fadamu da duwatsu, ka shiga ƙofa ka yi ta tafiya ba ka ga gari ba. Mutanensa na da yawan gaisuwa da ƙarancin tsayawa. Suna zuba manja a abin da mu za mu sa man shanu. Kuma suna da fate, tsaki ne da ganye a dama shi ruwa-ruwa, wanda a gida da an ba ni sai in ce an raina ni. A can shi ya riƙe raina, don ba ya neman tauna. Rake kuwa kamar ciyawa, yaro da babba kowa na tafe yana tsotsa yana tofarwa a hanya, abin da a Tsiga sai an yi wa mutum faɗa.

Mun sauka a gidan wani fatoma inda fataken goro ke sauka. A zauren akwai wani tsoho mai ido ɗaya, Tanko, kullum yana zaune yana ɗinkin akumarin jaki. Tsufa ya hana shi tafiya, amma ya kasa rabuwa da warin jakai. Duk safiya zai ce, "Sannu da jiki, Iya," in ɗaga masa hannu, bakina a naɗe.

Maƙerin, Alhaji ake ce masa, ɗan ƙaramin tsoho ne mai siraran yatsu kamar na mace. A hanyar Makka ya ga ana wannan aiki, ya tsaya ya koya. Yana jin daga inda muka fito ya tafa hannu, don kun san wasan da ke tsakaninmu da Nufawa.

"Bakatsiniya! Yau baiwata ta kawo kanta. Buɗe in ga abin da kika sato."

"Bawa dai," na ce ta cikin zane. "Yi aikinka."

Kunyar da na ji, Allah kaɗai ya sani. Bakin da na hana mata 'yan'uwana gani, ga shi zan wangale wa namiji baƙo. Tabawa ta zauna ta ɗora kaina a cinyarta a tsakar gida inda rana ke faɗowa, na rufe ido. Ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe. Da ya zo kan mai ciwon na zabura.

"Wannan gida mai shi ya mutu," ya ce, "amma ginin da sauransa. Gawar ce a ciki take ruɓa. Wanzamanku rushe gidan suke yi. Ni fitar da gawar nake, in share ɗaki, in toshe ƙofa. Sai dai ki sani, ba zai ƙara jin sanyi ko zafi ba, kuma zai yi duhu. Kin yarda?"

Na ce na yarda. Maganar ta tsaya mini a rai, ban san dalili ba a lokacin.

Ta bayan haƙorin ya huda, inda ba a gani, da wani siririn tsinken ƙarfe da yake murzawa tsakanin yatsu. Ƙarar na tafiya har cikin ƙoƙon kai. Da hujin ya faɗa, mugunya ta fito, na ji kamar an sauke mini tulu daga fuska. Sannan ya sa allura a garwashi har ta yi ja, ya ce Tabawa ta riƙe ni. Malam, rubuta cewa ban yi kuka ba. Wari na ji kamar na ƙaho in ya ƙone, na ga fari fat, na ga mai jakin nan tsaye a cikin farin, sannan na dawo na ji Tabawa na salati.

Saura shara. Yana jiƙa zare a ruwan kanumfari ya cusa cikin hujin har tushe, ya bar shi ya kwana ya tsotse dattin, gobe a sake sabo, har ranar da zaren zai fito fari ba wari. To zaren nasa ya ƙi shiga. Ya murza, ya lanƙwashe. Ya ce tsohuwar da ke yi masa kaɗi ta rasu bara, kuma ramin haƙorina ƙunci gare shi kamar hannun Katsinawa.

Na ce, "Nuna mini zaren." Na shafa shi. "Wannan ai igiyar guga ce."

Na kwance ƙunshina, na shafa alli a yatsa, na kaɗa masa irin wanda nake yi wa masaƙan farin saƙi, siriri kamar gashin jariri. Ya ɗaga shi a rana ya daɗe yana kallo. Ya ce ashe bayinsa na da amfani. Zaren ya shige kamar don shi aka yi ramin. Audugar gonarmu ce, ta bayan rafi.

Haka muka yi ta zuwa kowace safiya. Kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya tafi. Wata rana yana cikin aiki ƙadangare ya leƙo daga kan katanga yana gyaɗa kai, ban san sa'ad da na rufe baki da hannu ba, kamar yarinya mai famfara da aka ce in ƙadangare ya ga giɓinta haƙori ba zai fito ba. Alhaji ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba.

Ranar da zaren ya fito fari, ya buga dalma ta yi laushi kamar ganye, ya riƙa yanka mitsi-mitsi yana cusawa yana dannawa har ramin ya cika, ya goge bakin ya yi sumul. Ya ce ban da ƙashi, ban da goruba. Sannan ya ja da baya.

"To, nuna mini aikina."

Na ɗaga leɓe.

"Wannan ai kare ne ke tsaron gida. Dariya na ce."

Na gwada, ta ƙi zuwa. Na manta inda ake ɗauko ta. Ya girgiza kai ya ce wannan ciwon ba na maƙera ba ne.

Muka koma masauki da hantsi, karo na farko bakina ba zane. Tabawa ta sayi rake a hanya, wai murna take taya ni. Muna shiga zaure tana cewa, "Kin ga haƙoran da ba su san Banufe ba? Dubi nan." Ta kafa wa raken baki ta fizga. Sai na ga ta tsaya. Ta zare raken a hankali, ga haƙorinta na gaba a tsaye a jikinsa, kamar an dasa.

"Kande," ta ce, iska na fita ta giɓin, "wannan na waye?"

Jama'a, ban san daga ina dariyar ta taso ba. Daga ciki can ƙasa ta ɓalle, ta fito da ƙara irin ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na dafa bango, na durƙusa, hawaye na zuba, na kasa tsayawa. Da na ɗago, tsoho Tanko ya ajiye basillarsa, idonsa ɗayan nan a kan bakina.

"Baiwar Allah, tsagen fuskarki na Katsina ne. Ki gafarce ni. Mijinki ya taɓa zuwa Gwanja?"

Na ce ya je.

"Ya dawo?"

Na ce a'a.

Sai ya kira sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba, kuma ba zan furta yanzu don a rubuta ba.

Ya ce tare suka juyo da goro. Duk ayarin sun san wushiryata, don in suka hango tsagi tsakanin duwatsu biyu sai ya ce ga matarsa can tana masa dariya, har suka mai da abin waƙar tsokana. Bayan sun haye Kwara zazzaɓi ya kama shi a wani zango. Tanko ne ya yi jinyarsa, shi ya yi masa wanka, ayari suka sallace shi, suka binne shi a gindin wata kaɗanya. Ba a jima ba mahara suka watsa ayarin, aka kama Tanko aka sayar kudu. Kafin ya fanshi kansa ya dawo, sunan garinmu ya ɓace masa. Abin da ya riƙe, ƙasar Katsina da wushirya.

"Duk Bakatsiniyar da na gani da ita sai na tambaya. An zage ni ba adadi. Kwanakin nan kina wuce ni bakinki a naɗe, ban ko yi zato ba." Ya share idonsa. "Akwai saƙo. Ya ce in gaya miki yana ganinki, kina tsaye riƙe da igiyar jaki. Ya ce in ce ki saki."

Ba wanda ya san zancen igiyar nan sai ni da shi. Ko Tabawa ban taɓa gaya wa ba.

Na zauna a ƙasan zauren na daɗe. Na tambaye shi ko ya sha wuya, ya ce kaɗan. Na tambayi ko an fuskantar da shi gabas sosai, ya ce da hannunsa ya gyara shi. Na ce Allah ya saka masa. Tabawa na gefe da haƙorinta a tafin hannu, tana kuka tana tsotsar jini. Sai na tuna awartakin Sarkin Aska. Da na bari ya cire, da ban taka Zazzau ba, ko da na taka ma, da tsohon nan ya ga wata tsohuwa mai giɓi tana dariya, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Dawowa ba ta da labari. An fara yankan dawa, hanya ta buɗe, ana hangen nesa. Rafin ya janye har muka taka da ƙafa. Na duba gabanmu a kowace karyar hanya, ba kowa sai 'yan koli da kayansu. Mun biya gidan Kyauta, ta ga kumburi ya tafi ta ce ai ta faɗa, tsutsa ce. Na ce haka ne.

Gumbar da kuka ci, tasa ce. Ta yi latti, amma ta isa.

Haƙorin ya yi duhu kamar yadda Alhaji ya faɗa. Ba ya jin ruwan sanyi, ba ya jin kunu mai zafi, yana dai tsaye kusa da ɗan'uwansa yana riƙe da gefen ƙofar. Sarkin Aska ya zo har gida ya ƙwanƙwasa shi, ya tafi yana magana shi kaɗai. Tabawa kuwa ta ce ita ba za ta koma Zazzau ba sai an hana noman rake.

Ga Malam Isa nan ya daina rubutu, ya saki baki yana kallon nawa. Shekara da shekaru muna katanga ɗaya bai san da ita ba. Kalla da kyau, Malam, yanzu ba ajiyar kowa ba ce. Rubuta har wannan.